Gwajin t da ma'aunin r: abin da teburin babi na huɗu yake faɗa, da abin da muke ɗora masa

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama a jami'o'i da kwalejojinmu, za ka ga ɗalibai suna zarya tsakanin ofishin malamin da ke duba aikinsu da shagon mai kwamfuta, kowa na neman wanda zai yi masa babi na huɗu, wato babin nazarin sakamakon bincikensa. Mai shago ya zuba amsoshin takardun tambayoyi a SPSS, manhajar lissafin ƙididdiga, ya danna, tebur ya fito. Gurbi ɗaya ɗalibi yake zuba wa ido, wanda aka rubuta Sig. a kansa, inda lambar da ake kira ƙimar p take. In lambar ta gaza 0.05 sai murna. In ta haura sai jiki ya yi sanyi, wani ma har ya roƙi a gyara masa. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin gwajin t da ke fitar da wannan lamba ba siddabaru ba ne. Tambaya guda ƙarama yake amsawa, kuma duk wanda ya gane ta zai daina tsoron teburin, zai kuma daina ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Tambayar ita ce: bambancin da na gani a samfurina, ya fi ƙarfin abin da dace kawai zai iya haifarwa?

Asalin matsalar samfuri ne. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu a ƙasa ya ƙirga ƙwaya. Hannu yake sa wa ya ɗebo, ya murza, ya duba, ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Ya san da ya sake ɗebowa ba lalle ya ga daidai abin da ya gani da farko ba: wannan ɗiban ya fi tsakuwa, wancan ya fi ƙwari. Mai bincike ma haka yake. Ba zai iya auna dukan manoman Arewa ko dukan 'yan aji shida na firamare ba, sai ya ɗebi kaɗan. Kuma tunda kowane ɗiba yana ɗan saɓa wa ɗan'uwansa, ko da iri biyu na masara ba su da wani bambanci a haƙiƙa, da wuya matsakaicin amfaninsu ya zo daidai cif a gwaji. Dole a ga ɗan bambanci. Abin da ake so a sani shi ne ko na gaske ne ko na dace.

Shi ya sa ake farawa da abin da ake kira zaton babu, wato a ƙaddara cewa babu bambanci ko kaɗan. Ba don an yarda da hakan ba, sai don shi ne zaton da ake iya yin lissafi a kansa. Sai a tambaya: da a ce gaskiya babu bambanci, sau nawa dace zai ba ni sakamako irin wannan da na samu, ko wanda ya fi shi nisa?

Mu ɗauki misali, lambobin kuma na ƙirƙire su ne don bayani. A ce malamin gona ya sami manoma goma, kowa ya raba gonarsa gida biyu daidai, ya shuka tsohon iri a ɓangare ɗaya, sabon iri a ɗayan, taki ɗaya, noma ɗaya. Da kaka aka ƙirga buhuna, aka ɗebe na tsohon iri daga na sabo a kowace gona. Ga abin da ya fito: 2, 1, 3, −1, 2, 0, 4, 1, 2, 1. Manoma takwas sun ga ƙari, ɗaya bai ga komai ba, ɗaya ya ga ragin buhu guda. Jimilla 15, a raba goma, matsakaicin ƙarin buhu ɗaya da rabi ke nan.

Matsakaici kaɗai bai isa ba, sai an san yadda lambobin suka warwatsu a gefensa. Ana ɗebe 1.5 daga kowace lamba, a ninka abin da ya rage da kansa, a tara. A nan jimillar 18.5 ce. A raba ta da tara, wato adadin manoman a cire ɗaya, a sami 2.06, sannan a ɗauki saiwarta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2.06. Ita ce 1.43. Wannan shi ne ma'aunin warwatsuwa. To amma ba rawar da manomi ɗaya ke yi ce ta dame mu ba, rawar da matsakaicin mutum goma ke yi ce, kuma matsakaici ya fi ɗaiɗaikun lambobi natsuwa. Don haka sai a raba 1.43 da saiwar goma, kusan 3.16, a sami 0.45. Ma'anarsa, da za a yi ta maimaita gwajin da wasu manoma goma-goma, matsakaicin zai riƙa lilo sama da ƙasa da kimanin rabin buhu.

Gwajin t ba komai ba ne illa raba bambancin da aka gani da wannan lilo. 1.5 a raba da 0.45, a sami kusan 3.3. Bambancin ya ninka lilon dace fiye da sau uku. A teburin t, a layin tara (manoma goma a cire ɗaya), shingen kashi 5 cikin ɗari, wato lambar da t zai wuce kafin p ta gaza 0.05, yana kan 2.262. Namu ya wuce shi da nisa, ƙimar p ɗinsa kuwa, wato amsar tambayar nan ta sau nawa dace zai ba da irin wannan sakamako, ta ɗan gaza 0.01.

Yanzu a canja lambobin: 6, −3, 5, −2, 4, −4, 7, 1, 3, −2. Tara su ka gani, 15 ce dai, matsakaici buhu ɗaya da rabi, babu ragi babu ƙari. Amma dubi yadda suke: wani ya sami ƙarin bakwai, wani ya yi asarar huɗu. Warwatsuwar ta haura 4, lilon matsakaici ya kai 1.28, t ya faɗo zuwa 1.18, p kuma wajen 0.27. Matsakaici iri ɗaya, hukunci daban. Wanda ya zauna ya kalli jerin nan biyu har ya ji a ransa dalilin da ya sa na farko ya fi gamsarwa, to ya riga ya fahimci gwajin t, saura kawai lissafi. Abubuwa uku ne ke ɗaga t: girman bambanci, ƙarancin warwatsuwa, da yawan samfuri.

Me ya sa shingen ya zama 2.262 ba 1.96 da aka saba ji ba? Nan ne gudummawar William Sealy Gosset take. Masanin kimiyyar sinadarai ne da ya kama aiki a kamfanin giya na Guinness a Dublin ta ƙasar Ayilan a 1899. Aikinsa ya haɗa da tantance ingancin sha'ir da sauran kayan haɗi, kuma ba ya samun samfuri ɗari-ɗari, sau da yawa 'yan ƙalilan ne a hannunsa. Lissafin da ake da shi a lokacin an gina shi ne a kan samfuri mai yawa. Gosset ya lura cewa idan samfuri kaɗan ne, shi kansa ma'aunin warwatsuwar da ka fitar abin shakka ne, domin daga waɗannan 'yan lambobin ka samo shi. Kana auna bambanci da ma'aunin da shi ma yake rawa. Ya je ɗakin binciken masanin ƙididdiga Karl Pearson a Landan tsakanin 1906 da 1907, ya kuma jarraba lissafinsa da hannu: ya rubuta awon tsayi da tsawon yatsan fursunoni 3,000 a kan katuna, ya cakuɗa, ya raba su huɗu-huɗu zuwa rukuni 750, ya duba yadda sakamako ke fitowa. A 1908 ya buga aikin a mujallar Biometrika da sunan aro, Student, saboda kamfanin ba ya barin ma'aikatansa su yi wallafa da sunayensu.

Abin da teburinsa ke cewa mai sauƙi ne: gwargwadon ƙarancin samfurinka, gwargwadon tsayin shingen da za ka tsallake. Da manoma biyar ne, shingen 2.776 ne. Da goma, 2.262. Da talatin, wajen 2.05. Sai samfuri ya yi yawa sosai yake sauka zuwa 1.96. Wannan layin da ake dubawa a tebur shi ne SPSS ke rubutawa df.

Ita kuwa 0.05 da ake bautawa, daga masanin ƙididdiga Ronald Fisher ta samo farin jininta. Shi ma mutumin gona ne a aikace, domin daga 1919 yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, kuma a littafinsa na 1925 ya nuna ɗaya cikin ashirin a matsayin iyaka mai sauƙin amfani. Zaɓi ne na ɗan'adam, aka saba da shi. Babu wani abu da ke faruwa a gona tsakanin 0.049 da 0.051.

A nan ne akasarin kurakurai suke taruwa, don haka bari in ja birki. Ƙimar p ta 0.009 tana nufin: da a ce irin biyu ɗaya suke, dace zai ba da bambanci mai wannan ƙarfi ko fiye a kusan gwaji tara cikin dubu. Ba ta nufin cewa yiwuwar zaton babu ya zama gaskiya tara cikin dubu ne. Lissafin ya riga ya ƙaddara zaton gaskiya ne kafin ya fara, to ta yaya zai dawo ya faɗa maka yiwuwarsa? Haka kuma a jeri na biyu, p ta 0.27 ba ta tabbatar da cewa irin biyu ɗaya suke ba. Abin da ta ce shi ne shaidar ba ta isa ba. Duk lokacin da na karanta "an karɓi hasashen cewa babu bambanci" a aikin da aka yi da mutum goma sha biyu, sai na ji takaici, domin mai yiwuwa bambancin yana nan, samfurin ne ya gaza kama shi. Jerzy Neyman da Egon Pearson, ɗan Karl Pearson, su ne suka fayyace wannan a ayyukansu na 1928 da 1933: kuskure iri biyu ne. Ko ka ce akwai bambanci alhali babu, ko ka ce ba ka ga komai ba alhali akwai. Shingen 0.05 na farkon kaɗai yake tsarewa. Na biyun sai yawan samfuri da kyawun tsari.

Da ni ake tambaya, da na ce a tilasta wa kowane ɗalibi ya rubuta zangon amincewa kusa da p ɗinsa, wato iyaka ta ƙasa da ta sama da ake sa ran bambancin gaskiya yana tsakaninsu. Lissafinsa ba wuya: a ninka lilon matsakaici da shingen tebur, a ƙara, a ɗebe. A jeri na farko zangon ya tashi daga kusan rabin buhu zuwa buhu biyu da rabi. A na biyu, daga asarar kusan buhu ɗaya da rabi zuwa ƙarin fiye da huɗu. Wannan magana ce da manomi zai iya aiki da ita. Zai dubi kuɗin sabon irin, ya dubi farashin buhu, ya ce ko da rabin buhu ne ƙarin, ya biya ni ko bai biya ni ba? Ƙimar p ba ta san farashin buhu ba.

Gwajin da muka yi na gwami ne, kowane manomi aka gwada shi da kansa. Da a ce manoma goma ne suka shuka sabon iri, wasu goma daban suka shuka tsoho, da sai gwajin rukuni biyu masu zaman kansu, kuma da bambancin ƙasa da na ƙwazon noma duk sun shiga cikin warwatsuwar sun rage ƙarfin gwajin. Idan warwatsuwar rukunonin ba ɗaya ba ce, akwai gyaran da B. L. Welch ya kawo a 1947, shi ne layi na biyu a teburin SPSS da mutane ke tsallakewa. Akwai kuma gwajin rukuni ɗaya, kamar a duba ko buhunan da aka ce kilo 50 ne da gaske matsakaicinsu 50 ne. Dukansu sun jingina ne a kan sharaɗin cewa an ɗebi samfuri ba son rai, kuma amsar wannan ba ta rataya a kan ta wancan ba. Idan ɗalibi ya zauna a ɗaki da abokansa uku suka cike takardun tambayoyi ɗari, kwamfuta za ta fitar masa da t da p masu kyan gani, ba ta da hanyar sanin abin da ya faru.

Ma'aunin r kuma wata tambayar yake amsawa: idan abu kaza ya hau, wancan yana binsa? Francis Galton ne ya fito da tunanin a 1888, yana kwatanta awon jikin mutane kamar tsayi da tsawon kamu, sannan Karl Pearson ya daidaita lissafinsa a shekarun 1890. Lambar tana tsakanin −1 da +1. Idan ɗigogin da ka zana sun hau layi miƙaƙƙe mai tashi, +1 ke nan. Mai gangara, −1. Kusa da sifili, babu layin da suke bi.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, Sig. ɗin da ke ƙarƙashin r shi ma gwajin t ne. Zaton babu a nan shi ne alaƙar sifili ce a cikin jama'a baki ɗaya. Ana ninka r da saiwar adadin samfuri a cire biyu, a raba da saiwar abin da ya rage idan aka ɗebe r sau r daga ɗaya. Gwada da r na 0.5 a mutum 12: t zai ba ka 1.83, shingen kuwa 2.228, bai tsallake ba. Gwada da r na 0.1 a mutum 1,000: t ya haura 3, ya tsallake da gudu. Wanda ke kallon Sig. kaɗai zai yi watsi da na farko ya rungumi na biyu. Amma ninka r da kansa ka ga abin da ke ciki: 0.5 ya ba da 0.25, wato rubu'in bambancin da ke tsakanin mutane a abu na biyu yana tafiya tare da na farko. 0.1 kuwa 0.01 ya ba da, kashi ɗaya tak cikin ɗari. Da samfuri 1,000, r ɗin da bai wuce 0.07 ba ma zai tsallake shingen. Tsallake shinge yana nufin da wuya alaƙar ta zama sifili, ba ya nufin tana da ƙarfi.

Sannan r layi miƙaƙƙe kaɗai yake gani. Dubi ruwan sama da gero. In ruwa ya yi ƙaranci, amfani ya faɗi. In ya yi daidai, rumbu ya cika. In ya yi yawa har gona ta jiƙe ta kwanta, amfani ya sake faɗi. Alaƙa ce mai ƙarfi da kowane manomi ya sani, amma siffarta ta baka ce, hawa da sauka, kuma r zai iya fitowa kusa da sifili ya sa mai bincike ya rubuta cewa ruwa ba shi da alaƙa da amfanin gona. Francis Anscombe ya nuna wannan a 1973 da jerin lambobi huɗu, kowanne ɗigo 11, duk r ɗinsu kusan 0.82, matsakaicinsu ma ɗaya. Da aka zana su sai ga na farko tarwatse a gefen layi yadda ake zato, na biyu lanƙwasa ce, na uku layi ne tsaf da ɗigo ɗaya ya bauɗe, na huɗu kuwa ɗigo goma ne a tsaye wuri guda, ɗigo ɗaya can nesa shi kaɗai ya ƙirƙiri alaƙar. Gani ya kori ji. Zanen ɗigo ba ya cin minti biyu a kwamfuta, amma da wuya ka same shi a babi na huɗu.

Sai batun dalili. A ce wani ya tattara cinikin ƙanƙara da ruwan sanyi wata-wata a wani gari na yankin Sahel, ya jera shi da adadin masu sanƙarau. Ba abin mamaki ba ne ya sami r mai kyau, domin sanƙarau cutar rani ce a wannan yanki, tana tsananta lokacin zafi da ƙura, lokacin da kowa ke neman abin sanyi. Ƙanƙara ba ta kawo sanƙarau. Yanayi ne ke jan su biyun tare. A wannan misali kowa zai gane, amma idan aka ce yaran da ke zuwa darasin yamma sun fi cin jarrabawa, nan take sai a yarda darasin ne, a manta cewa gidan da ke iya biyan kuɗin darasi shi ne galibi ke da littattafai, da fitila, da iyayen da suka yi boko. Gwajin manoman nan goma ya fi wannan ƙarfi ba don lissafinsa ya fi ba, sai don mai bincike ne ya raba gonar da hannunsa, musamman in da ƙuri'a ya zaɓi ɓangaren da zai sami sabon iri.

Duk da haka ba na son a mai da wannan gargaɗi garkuwar ƙin gaskiya. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan taba da kansar huhu a asibitocin Landan, suka kuma fara bin diddigin likitocin Birtaniya daga 1951. Fisher da kansa, wanda mashayin lofe ne, ya tsaya a ƙarshen shekarun 1950 yana cewa mai yiwuwa wani abu ne na gado ke sa mutum son taba ya kuma sa shi kamuwa da cutar. Hujjarsa ta fuskar ƙa'ida tana da kan gado, amma bai yi daidai ba. Alaƙar tana da girma ƙwarai, tana ƙaruwa da yawan tabar da mutum ke sha, tana raguwa ga waɗanda suka daina, ta kuma maimaitu a ƙasashe daban-daban. Irin waɗannan shaidu idan suka taru su ne ke kai mutum ga dalili, ba r guda daga bincike guda ba.

Akwai wata ɓaraka da ta fi yawa a ayyukan takardun tambayoyi. Ɗalibi yana da tambayoyi ashirin, sai ya gwada kowacce tsakanin maza da mata. Ko da babu bambanci a ko ɗaya, kowane gwaji yana da kashi 5 cikin ɗari na ba da ƙararrawar ƙarya, kuma idan gwaje-gwajen ba su rataya da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya tsallake shingen ta kai kashi 64 cikin ɗari. Sai ya ɗauki wannan ɗayan ya gina babi na biyar a kansa, ya yi shiru a kan sha tara. Ba ɗalibai kaɗai ke yin haka ba. Yawaitar irin wannan a manyan mujallu na cikin abin da ya sa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016, inda ta ja kunne cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako, kuma bai kamata a yanke hukunci don kawai ta tsallake wata iyaka ba. Maganin mafi sauƙi shi ne a rubuta hasashe kafin a ga lambobi, a kuma faɗi adadin gwajin da aka yi duka. Idan dole sai an yi ashirin, a raba 0.05 da ashirin, shingen kowanne ya koma 0.0025.

Malaman da ke duba ayyukan nan suna da babban kaso a gyaran. Muddin ɗalibi ya san aikin da p ɗinsa ya haura 0.05 za a dube shi kamar wanda ya faɗi, to zai koma shagon kwamfuta a taɓa masa lambobi. Wanda ya zo da jeri irin na biyu, ya rubuta cewa ƙarin da ya gani buhu ɗaya da rabi ne, amma zangonsa ya taso daga asara zuwa riba, don haka manoma goma ba su isa a yanke hukunci ba, ya kamata ya sami makinsa cikakke. Ya ma iya ƙarawa da lissafin adadin da ake bukata: da warwatsuwa irin wannan ta buhu huɗu, sai an sami manoma wajen sittin kafin gwajin ya sami kyakkyawar damar kama ƙarin buhu ɗaya da rabi idan da gaske yana nan.